Kafin ku tsallaka iyaka da iyali a mota

Duk wanda ya zo wurina neman shawara kan doguwar tafiya da iyali, tambayarsa ta farko ita ce wane magani zai saya ya jefa a jaka. Ni kuma sai in tambaye shi awa nawa zai yi riƙe da sitiyari a rana, kuma wa zai karɓe shi in ya gaji. Yawanci a nan ake yin shiru. An duba taswira a waya, ta ce awa 11, an ɗauka shi ke nan. Waya kuwa ba ta san da yaron da zai ce fitsari yake ji ba, ba ta san da tsohuwa mai ciwon gwiwa ba, balle layin motocin da ke jibge a bakin iyaka.

Iyakar nan ita ke rusa lissafi. Takarda ɗaya ta ɓace ko wa'adinta ya ƙare, sai a shafe awa uku ana kai-komo tsakanin jami'an shige da fice da na kwastan. Kafin a sallame ku rana ta yi sanyi, masauki yana nesa, maigida ya ce bari a taka mota a ƙarasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mota na kashe kusan mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ta ƙara da cewa duk ƙarin kashi 1 cikin ɗari na gudu yana ƙara yiwuwar haɗari mai kisa da kashi 4 cikin ɗari. Shi ya sa ni, ma'aikacin lafiya, nake fara magana da takardu.

Kowane mutum a motar da fasfonsa, har jariri. Ƙasashe da yawa ba sa karɓar fasfon da ya rage masa ƙasa da wata shida, don haka ku duba kwanan watan tun yanzu. Idan yara za su tafi da uwa kaɗai, ko da kawu, a riƙe takardar haihuwarsu da rubutacciyar yardar iyayen da ba sa cikin tafiyar, domin jami'an iyaka na tambaya saboda masu safarar yara. Direba ya binciki ko ƙasar na buƙatar lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa. Iri biyu aka fi amfani da su, na yarjejeniyar Geneva ta 1949 mai aiki shekara ɗaya, da na yarjejeniyar Vienna ta 1968 mai kaiwa shekara uku, kuma kowanne sai an haɗa shi da lasin gida. Ita ma motar tana da nata: takardar mallaka, izinin shigar da ita na wucin gadi, da inshorar da ke aiki a ƙetare. Turai na da koren kati, ƙasashen ECOWAS na da kati mai ruwan ƙasa, yankin COMESA, wato ƙungiyar kasuwancin ƙasashen gabashi da kudancin Afirka, kuma ruwan ɗorawa. A ɗauki hoton kowace takarda, a kuma ba wa uwargida kwafi ta ajiye a jakarta daban.

Sai rigakafi. Ku je asibiti mako huɗu zuwa shida kafin tashi, saboda allura na buƙatar lokaci kafin ta kama jiki. Katin allurar zazzaɓin shawara ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin ta, don haka wanda ya yi ta jiya ya isa iyaka yau, katin nasa bai zama hujja ba tukuna. Tun daga Yulin 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, ko da tsohon katin ya rubuta shekara goma. Ana yi wa yaro daga wata tara. Mai ciki da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni sai sun ga likita tukuna. A duba katin yara a tabbata sun sami allurar ƙyanda sau biyu. In hanyar za ta ratsa yankin zazzaɓin cizon sauro, a tafi da gidan sauro, a kuma tambayi likita game da maganin kariya.

Mai hawan jini, mai ciwon suga, mai asma, mai farfaɗiya, kowa ya ɗebi maganin da zai ishe shi har dawowa, da ƙarin na mako guda. Ku bar shi a kwalinsa na asali tare da takardar likita mai ɗauke da ainihin sunan maganin, don sunan kamfani kan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Na sha ganin masu juye ƙwayoyi iri-iri a leda ɗaya wai don rage kaya. A bakin iyaka wannan leda abin tuhuma ce, musamman in akwai irin su tramadol ko kodin, waɗanda wasu ƙasashe ke ɗaure mutum a kansu. Insulin kuma zafi na lalata shi: wanda ba a buɗe ba yana son sanyin digiri 2 zuwa 8, kada ya daskare, kada kuma a bar shi a but ko gaban gilashi.

Yanzu mu dawo kan direba, don shi ne abin da ya fi damuna. Barci ɓarawo ne, ba ya sallama. Wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, tuƙinsa ya yi daidai da na wanda ya kai ma'aunin barasa 0.05 a jini, wato iyakar da ƙasashe da yawa suka haramta tuƙi da ita. Ga mutum bai kurɓi komai ba, amma hannunsa da idonsa sun yi nauyi kamar na mashayi. To ku lissafa: an tashi ƙarfe huɗu na asuba ana ɗaure kaya, zuwa tara na dare awa 17 ta cika. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Gyangyaɗin daƙiƙa huɗu ya isa ta shafe fiye da tsawon filin ƙwallo babu mai kula da ita, kuma sau da yawa direban bai ma san idonsa ya rufe ba.

Jiki yana da lokutan da yake neman barci ko an ƙi ko an so: daga wajen biyu na dare zuwa shida na safe, sai kuma bayan cin abincin rana, tsakanin biyu da huɗu. Alamomin a bayyane suke. Hamma a kai a kai, lumshe ido, mota tana karkata daga layinta, mutum ya kasa tuna garin da ya wuce yanzu. Buɗe gilashi, ƙure rediyo da wanke fuska duk yaudarar kai ne, minti kaɗan suke saya. A tsaya wuri mai aminci, a sha kofi, a rintsa na minti 15 zuwa 20, don kofin ma sai ya ɗauki kusan haka kafin ya fara aiki. Ko ba a ji barci ba, a huta minti 15 bayan kowace awa biyu. Uwargida, in ke ce a kujerar gaba, aikin gadi ne a hannunki: ke za ki riƙe waya da taswira, tunda mai tuƙi yana waya haɗarinsa ya ninka kusan sau huɗu, kuma ke za ki ce a tsaya. Na san ba kowane maigida ke son jin haka ba, shi ya sa ya fi kyau a yi yarjejeniyar tun a gida. Direba kuma ya guji maganin mura da na jiri, yawancinsu na sa barci.

Shawarata ita ce a tsara isa iyaka da safe, a nemi sanin lokacin buɗewa da rufewarta, a kuma kama masauki kusa da ita. Kwana ɗaya na ƙari a jadawali ya fi komai arha a tafiyar.

Game da yara, cinya ba kujera ba ce. A karon da aka yi a gudun kilomita 50 kacal, jiki kan tunkuɗa gaba da ƙarfin da ya kai ninki 30 na nauyinsa, wato yaro mai kilo 10 ya koma kamar kilo 300. Babu hannun uwar da zai riƙe wannan. Kujerar yara da aka ɗaure daidai na rage mutuwar jarirai da kashi 71 cikin ɗari, bel kuma na rage ta manya da kusan rabi. Jariri ya fuskanci baya, kuma kada a taɓa sa irin wannan kujera a gaba inda jakar iska take, wato wadda ke kumbura da ƙarfi in an yi karo. Mai ciki ta sa bel, igiyar ƙasa ta bi ƙarƙashin ciki, ta sama ta ratsa tsakiyar ƙirji. Idan mutane sun fi bel yawa, motar ta yi kaɗan ke nan.

Layin iyaka na da wani haɗarin nasa. Iyaye su shiga ofis da fasfo, su bar yaro yana barci a mota, wai yanzu za su fito. Cikin minti 10 zafin motar da ke rufe kan ƙaru da kusan digiri 11, jikin yaro kuma ya fi na babba saurin ɗaukar zafi sau uku zuwa biyar, kuma ɗan sassauta gilashi ba ya hana komai. A fito da shi ko da zai yi kuka. Haka nan kada a kwana a mota inji na aiki don a sha sanyi, domin iskar gubar da ke cikin hayaƙin salansa ba ta da wari ko launi, mutum kan wuce ne daga barci.

Zaman da ya wuce awa huɗu ba motsi na iya sa jini ya yi guda a jijiyar ƙafa, musamman ga mai ciki, tsofaffi, masu ƙiba da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan. Duk tsayawa kowa ya fito ya taka. Kada a rage wa yara ruwa don gudun tsayawa fitsari. Ku tafi da ruwa mai tsafta da yawa, da sabulu, da ORS da zink saboda gudawa. In ORS ya ƙare, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta.

Mota kuwa a kai ta wurin makanike mako biyu kafin tafiya, don a ga yadda gyaran ya zauna: birki, fitilu, batir, lagireto, safaya da jak. Lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya na nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, 2319 na nufin mako na 23 a 2019, kuma tsohuwar taya na iya fashewa ko zanenta bai cinye ba. Ku san ɓangaren da ake tuƙi a ƙasar da za ku shiga: mai fitowa daga Kenya zuwa Habasha zai koma dama daga hagu, kuma an fi yin kuskuren da safe ko bayan fitowa daga gidan mai. Ku rubuta lambar gaggawa ta kowace ƙasa a takarda, 112 a Tarayyar Turai, 911 a Amurka.

Bayan an dawo gida, a sa ido. Zazzaɓin cizon sauro kan ɗauki kwana bakwai ko fiye kafin ya bayyana, wani lokaci makonni. Duk wanda ya yi zazzaɓi, ko gudawar da ta ƙi tsayawa, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, a kai shi asibiti a ranar, a kuma faɗa wa likita ƙasashen da aka ratsa da ranakun da aka yi a kowacce.