Aikin faifan wuya: me ya sa wani ke warkewa sarai, wani kuma ya ci gaba da fama?

Ƙashin wuya bakwai ne, kuma daga na 2 zuwa ƙasa akwai faifan guringuntsi tsakanin kowane biyu. Wanda ya fi lalacewa shi ne na tsakanin ƙashi na 5 da na 6, sai na 6 da na 7. Idan ya bulluƙo ya danne jijiya ko laka, likita kan tsaga gaban wuya, ya kawar da maƙogwaro gefe, ya cire faifan, ya cusa guntun ƙashi ko ɗan keji a gurbinsa, sau da yawa ya ɗaure da farantin ƙarfe da kusoshi. Ƙarfen riƙo kawai yake yi. Haɗewar ƙasusuwan biyu aikin jiki ne, yana ɗaukar wata 3 zuwa 6, wani ma shekara.

Abu na farko da ke raba marasa lafiya shi ne me aka danne, kuma tun yaushe. Mai zogin da ke sauka daga kafaɗa zuwa yatsu, jijiya ɗaya ce ta matsu, kuma irinsa sun fi jin daɗin aikin. Wani yana farfaɗowa ya ji zogin hannun ya lafa. Laka kuwa ba ta yafe jinkiri. Alamarta: kofin shayi na suɓucewa, maɓallin riga ya gagara, jan carbi ya zama aiki, ƙafafu su sandare, tafiya ta koma tangaɗi. A nan babban burin tiyata shi ne tsayar da ɓarnar, abin da ya dawo riba ce. Watannin da aka ɓata wajen ƙaho da tsaga da mai murɗa wuya, su ne ake biya daga baya. Murɗar ma kanta haɗari ce ga lakar da ke matse.

Sai taba. Sinadarin nikotin yana tsuke ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da sabon ƙashi, shi ya sa ƙin haɗewa ya fi yawa ga masu sha. Sigari, shisha, har tabar da ake dasawa a baki da kanwa, duk ɗaya ne. A bari aƙalla mako 4 kafin aiki, kada a koma. Mai ciwon sukari ya daidaita shi tukuna, in ba haka ba rauni kan yi ruwa. Yawan faifan da aka cire ma yana da tasiri: ɗaya ya fi haɗewa da sauƙi kan uku, wahalar haɗiya kuma ta fi yawa idan aikin ya yi faɗi.

Wuyar haɗiya da dishewar murya a makonnin farko abu ne sananne, yawanci suna wucewa. Kunu, koko, fura mai ruwa sun wadatar. Amma kumburin wuya da sarƙewar numfashi a kwana 2 ko 3 na farko na iya zama jini ne ke taruwa, a koma asibiti nan take ko da tsakar dare ne. Don haka mutumin Damagaram da aka yi wa aiki a Yamai kada ya yi gaggawar hawa mota zuwa gida, Damagaram na da nisan kusan kilomita 900.

A gida ne aka fi ɓata aikin. Likitoci kan hana ɗaukar abin da ya wuce kilo 5 har mako 6, alhali jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce, kuma a ka ake ɗora ta. Hajiya, ki bar wa yara tulu da daka. Malam, a haƙura da kabu-kabu da amalanke har likita ya ga hoton wuya. Sallah a zaune ta halatta ga mara lafiya, a tambayi likita ranar komawa sujada. Kuma kada a sayi diklofenak ko ibuprofen wurin masu talla, suna iya jinkirta haɗewar ƙashi; a tsaya ga abin da aka rubuta.

Ko bayan warkewa, faifan da ke sama ko ƙasa da wurin yana ɗaukar ƙarin nauyi. Sabon zogi a hannu bayan shekaru yana bukatar sabon hoto.