Me ake nufi da "hot rod"?

Mai yawan kallon bidiyon motoci a YouTube ba zai rasa cin karo da ita ba: bodi na zamanin kakanni, injin a waje babu murfi, tayoyin baya jibga-jibga, na gaba 'yan ƙanana, ga ruri kamar hadarin gabas. Ita ce Amurkawa ke kira hot rod. Tsohuwar mota ce da aka sauke wa duk wani nauyi, aka ɗora mata injin da ya fi ƙarfinta, don gudu kawai. Kada a haɗa ta da motar tarihi da ake mayarwa yadda ta fito daga kamfani. Mai hot rod ba ya jin kunyar yanka.

Abin ya faro ne a kudancin Kalifoniya cikin shekarun 1930, kuma harkar marasa kuɗi ce. Kamfanin Ford ya ƙera Model T sama da miliyan 15 daga 1908 zuwa 1927, saboda haka tsofaffinta sun yi araha kamar a ba ka kyauta. Samari su saya, su cire gilashi da rufi da fitilu, su nufi busassun tafkunan hamadar Mojave, irin su Muroc da El Mirage, inda ƙasa take shimfiɗe kamar tabarma, su yi tsere. A 1948 mujallar Hot Rod ta fara fitowa, a 1951 kuma Wally Parks ya kafa NHRA, ƙungiyar masu hot rod ta ƙasa, don a janye tseren daga kan titi zuwa fili, inda motoci biyu ke gwabzawa a kwatan mil, wato kimanin mita 402.

Sarauniyar harkar ita ce Ford ƙirar 1932, wadda suke wa laƙabi da Deuce. A shekarar ce Ford ya sa injin V8, mai silinda takwas, a motar da talaka zai iya saya. Shekara guda kacal aka yi wannan ƙira, ga shi an kwashe shekaru ana yankawa, ana rage tsayin rufi, ana kifewa a tsere. To ina za a samu? Nan wahalar take. Injin ba matsala ba ne, ƙaramin V8 na Chevrolet da ya fito a 1955 yana ko'ina. Bodi ne zinariya.

Masu nema suna bin rumbunan gonaki da makabartar motoci, sun fi son jihohi masu fari kamar Arizona, domin a jihohin arewacin ƙasar gishirin da ake zuba wa titi lokacin dusar ƙanƙara yana cinye ƙarfe. Kowane watan Oktoba kuma ana cin babbar kasuwar tsofaffin kayan mota a Hershey ta jihar Pennsylvania, rumfuna dubbai. Wanda ya taɓa yini a Panteka ta Kaduna yana neman ƙarfe ɗaya tak zai gane yanayin, sai dai a Hershey ƙofa mai tsatsa ma ado ce.

Ƙwararre ba ya kallon fenti. Durƙusawa yake yi ya shafa ƙasan ƙofa da daɓen ciki, inda ruwa ke kwanciya. Sai ya zaro ɗan maganaɗisu daga aljihu ya manna: in ya kama, ƙarfe ne, in ya zame, an cike rami ne aka lulluɓe da fenti. Daga nan ya nemi lambar da aka buga a jikin shasi, don in babu ita takardu za su ba shi ciwon kai.

Da asali ya yi tsada, sai aka koma kwaikwayo. Kamfanin Brookville Roadster a Ohio yana buga sabon bodin ƙarfe na ƙirar 1932, wasu kuma na zuba na faiba, wato roba mai zaren gilashi. 'Yan gargajiya na yi wa faiba kallon jabu, amma a ganina mai niyyar tsere na gaske da ya zaɓi faiba ya fi su gaskiya: ba ta da nauyi, kuma in ta tarwatse ba a yi asarar abin tarihi ba. Su ma magabatan ba tsarki suke nema ba. Bayan yaƙin duniya na biyu, Bill Burke tankin man jirgin yaƙi ya saya a gwanjo, ya cusa injin da kujera a ciki, ya sa masa taya huɗu.