Kafin ka ce a cire haƙorin nan, karanta wannan

Tambayoyin nan su ne ake yawan turo min a kan haƙori, na ce bari in haɗa su wuri ɗaya.

Dasashina yana jini in na yi burushi ko aswaki, in daina ne?

A'a dan Allah kar ka daina. Yawanci jinin nan alama ce ta kumburin dasashi, dattin abinci da ƙwayoyin cuta ne ke taruwa a gindin haƙori, in aka bar shi sai ya daskare ya zama kamar dutse wanda burushi ba ya iya kankarewa, daga nan dasashi ya fara ja baya, ƙashin da ke riƙe haƙori ya riƙa zaizayewa har haƙori ya fara girgiza alhali bai da ko rami. Ka ci gaba da wankewa sau 2 a rana, minti 2, da burushi mai laushi da man goge baki mai fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, sannan ka je a yi maka wankin haƙori a asibiti. Masu ciwon suga da masu juna biyu su fi kowa kula, nasu ya fi saurin kumbura.

Ance wankin haƙori yana buɗe haƙora ya sa su girgiza?

Wannan maganar tana hana mutane da yawa zuwa kuma tana damuna. Gibin da ka gani bayan wanki dama yana nan, dattin ne ya cike shi. Ɗan tsamin haƙori na kwanaki kan biyo baya, yana wucewa.

Haƙorina ya yi rami, tsutsa ce?

Babu tsutsa. Ƙwayoyin cuta ne ke cin sukarin da ya maƙale, alewa, lemon kwalba, shayi mai sukari da yawa, sai su fitar da sinadari mai tsami da ke cinye haƙori. In ramin bai yi zurfi ba ciko kawai za a yi maka a zama ɗaya. In ya kai jijiya, irin ciwon da ke hana barci da dare, to akwai aikin cire jijiyar a wanke cikin saiwar a cike, wani lokaci a sa masa hula a sama, haƙorinka yana nan a bakinka. Kanumfari yana rage zafi na ɗan lokaci amma ba ya rufe rami. Wata ƴar uwata ta yi makonni tana cusa kanumfari da auduga, ranar da muka kai ta kumatunta ya kumbura ko baki ba ta iya buɗewa sosai, abin da da ciko ya isa sai da aka cire turmin gaba ɗaya. Kuma kar a ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi, ƙona shi take yi.

In an cire na sama yana taɓa ido?

Ba ya taɓawa. Bayan cirewa ka danne audugar da aka sa maka kamar minti 30, kar ka kurkure baki ranar, washegari ka fara da ruwan ɗumi da gishiri a hankali.

To in ya fita dole sai an sa wani?

Babba haƙora 32 gare shi kuma kowanne yana tokare da ɗan uwansa, in ɗaya ya fita na kusa su kan karkato cikin gurbin, in na ƙasa ne ya fita na samansa ya sauko, tauna ta koma gefe ɗaya. Hanya uku ce. Haƙorin roba da ake cirewa a wanke, shi ya fi araha, a riƙa cire shi da dare. Sai gada, a ɗan fere haƙoran gefe biyu a maƙala sabon a tsakani. Sai dashe, a dasa ƙaramin ƙarfen titaniyom a ƙashin muƙamuƙi a jira wata 3 zuwa 6 ya kama kafin a ɗora haƙori, shi ya fi tsada kuma sai ƙashi da dasashi suna da lafiya, mai shan taba ko wanda sugansa bai daidaita ba likita zai fara da wannan tukuna.

Yaro ya faɗi haƙorinsa na gaba ya fita fa?

In na dindindin ne ki riƙe shi ta kai, kar ki taɓa saiwar, ki sa a madara ki garzaya asibitin haƙori cikin awa 1, ana iya mayar da shi. Haƙorin nono kam ba a mayarwa, amma a kai yaron a duba shi.