Me ake nufi da "birki ya tsinke"?

Duk lokacin da mota ta afka kasuwa ko ta faɗa rami, bayanin da za ka fara ji a bakin mutane shi ne birki ya tsinke. A ƙananan motoci babu wata igiya ko waya da ke haɗa ƙafar direba da taya, in ban da ta birkin hannu. Abin da ke tsakani mai ne, a cikin siririn bututu. Idan direba ya taka birki, masta, wato famfon birki, yakan tura man ya bi bututun nan har zuwa kowace taya, kuma da yake mai ba ya matsuwa kamar iska, ƙarfin takun yana isa can bai ragu ba. To, tsinkewar birki a mafi yawan lokuta ita ce man nan ya sami kafar tserewa, ko iska ta shiga inda yake. Sai ka taka, ƙafa ta tafi har ƙasa, mota kuwa ko a jikinta.

Layin birki kashi biyu ne. Akwai bututun ƙarfe mai kaurin milimita 4.75 a yawancin ƙananan motoci, wanda ke bin ƙarƙashin mota. Akwai kuma gajeren tiyo na roba a kusa da kowace taya, saboda taya tana hawa da sauka tana juyawa, ƙarfe kuwa ba zai jure lanƙwasa ba. A taku mai ƙarfi, matsin da ke cikin bututun kan ninka na iskar taya sau talatin ko fiye. Shi ya sa wurin da tsatsa ta ci zai iya yin watanni lafiya lau, ranar da aka yi takun gaggawa ya fashe.

Tsatsar nan da ita motar take zuwa. A Turai da Kanada da arewacin Amurka ana zuba gishiri a kan titi lokacin hunturu don narkar da ƙanƙara, ruwan gishirin ya riƙa fantsama ƙarƙashin mota shekara da shekaru. Saboda haka 'yar Kwatano ko Beljiyam da ta sha fenti tana ƙyalli za ta iya kasancewa da ruɓaɓɓen layi. Mai saye yakan duba inji da giya da esi, ba kasafai yake leƙa ƙasa ba. Wuraren dubawa su ne inda aka ɗaure bututun da maƙalai, da saman tankin mai, da kusa da tayoyin baya, domin nan laka da danshi ke kwanciya. Tsatsar da ta tsaya a sama, wadda ake gogewa a ga ƙarfe sumul, ba ta da tayar da hankali. Wadda ke ɓarewa kamar ɓawo kuwa, wannan bututun ya gama aiki. Gubar gishirin ce ta sa kamfanin Volvo ya koma amfani da bututun tagulla mai gaurayen nikel tun 1976, kuma shi ne ya fi dacewa a saka idan za a canza.

A nan Arewa zafi ya fi cutar da robar. Lanƙwasa tiyon da hannu, idan ka ga tsattsagewa, ko wani ya taka birki ka ga ya kumbura, a cire shi. Wani tiyon ma daga ciki yake lalacewa: mai ya je ya kasa dawowa, taya ɗaya ta riƙe tana zafi, a yi ta canza kalifa, wato abin da ke matse faifan birki a jikin taya, a banza.

Shi kansa man yana shan danshin iska. Sabon man birki nau'in DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, amma idan ya sha ruwa ma'aunin da aka amince da shi 140 ne kawai. A doguwar gangara irin ta Hawan Kibo, mai mai ruwa zai tafasa ya zama tururi, birki ya ɓace ba tare da ɗigo ko ɗaya ya zuba ba. Wannan ne dalilin da masu ƙera motoci da yawa ke cewa a canza shi duk shekara biyu. Masu zuba ruwan omo a madadinsa kuwa, ganganci suke yi da ran fasinja.

Haka ma dabarar nan ta bakin titi, a daddale bututun da ke yoyo ko a toshe shi da ƙusa, taya ɗaya ta zama ba birki. Motar za ta riƙa fizgewa gefe guda duk lokacin da aka taka. Gyara na gaskiya shi ne a cire bututun daga mahaɗa zuwa mahaɗa, a lanƙwasa sabo a kan siffar tsohon, a buɗa bakinsa da na'urar da aka yi don haka. Motocin Turai da na Japan ba bakin bututu iri ɗaya gare su ba, in aka haɗa wanda bai dace ba zai yi yoyo komai ɗaurin sifana. Walda da liƙi ba su da gurbi a nan.

Bayan an ɗaure sai cire iska, galibi daga tayar da ta fi nisa da masta, yaro yana buga birki, bakanike yana sassauta noti har mai ya fito ba kumfa. Kafin ka biya, kunna mota ka danne birki da ƙarfi na rabin minti. Idan ƙafarka tana nutsewa a hankali, da sauran aiki.