Tallafin da Amurka ke ba manomanta na auduga, ina ruwan manomin Garwa a Kamaru da shi?

Wai mene ne ma wannan tallafin?

Kuɗi ne gwamnati ke ba manomin ƙasarta don kada ya yi asara. A Amurka in farashin auduga ya faɗi ƙasa da wani ma'auni gwamnati na cika wa manomi, tana kuma biya masa kaso mai yawa na inshorar gona. Wajen 2001 zuwa 2002 manoman auduga a can ba su wuce 25,000 ba amma abin da aka ba su ya kusa dala biliyan 4 a shekara ɗaya. Tarayyar Turai ma na yi wa manoman Girka da Sifen, Sin ma tana cikin na kan gaba wajen yawan kuɗin.

To kuɗinsu ne, manomansu ne, mu mene ne namu a ciki?

Namu shi ne kasuwar ɗaya ce. Audugar da aka tsinta a Gidar ko Tuboro a Kamaru ko ƙauyukan Mundu a Cadi, in an gurje ta an ɗaure dila-dila, kusan dukkanta fita take ta tashar ruwa ta tafi masaƙun Asiya irin su Bangaladesh, a can take haɗuwa da ta Texas, kuma farashin da ake dubawa na kasuwar New York ne, da dala. A ka'ida in farashi ya faɗi manomi rage shuka yake, kaya su yi ƙaranci farashi ya dawo. To shi wanda ake cika wa ba ya ragewa, me zai sa ya rage tunda ba aljihunsa ne ke jin ciwon ba, sai kaya su yi ta cika kasuwa farashi ya zauna a ƙasa. A 2001 sai da laba ɗaya ta faɗi ƙasa da santi 40.

Amma ai mu kamfanin auduga na Sodecoton ke yanka farashi, a Cadi kuma Cotontchad?

Haka ne, kuma ana faɗin kuɗin kilo tun kafin a kai kaya sikeli, shi ya sa mutane da yawa ke ganin kamar abin a ofis yake ƙarewa. Amma kamfani da abin da zai sayar a waje yake lissafi. In kasuwar duniya ta yi shekaru a kwance dole ta iso ƙauye, ko kuɗin kilo ya tsaya cak alhali taki na hawa, ko biya ya yi jinkiri.

Ku dubi yadda ranar awo take. Mutum ya karɓi iri da taki da maganin feshi bashi tun farkon damina, shi da matansa da yara sun yi ta tsinta da hannu har yatsu sun tsage, an ɗora a sikeli an rubuta, kafin ko sisi ya shiga hannunsa sai an cire bashin nan tukuna. Kuma bashin na lamunin juna ne a cikin ƙungiya, in audugar maƙwabcinka ba ta biya ba daga naka za a cike, wallahi wannan kaɗai ya ɓata zumunci a gidaje da yawa. Abin da ya rage shi ne kuɗin makaranta, shi ne magani, shi ne auren 'ya. In aka rage sefa 20 a kilo, mai tan ɗaya ya rasa 20,000 ke nan, kuma babu wata gwamnati da za ta cika masa kamar yadda ake cika wa na Texas.

Ba wanda ya kai ƙara ne?

An kai. A 2003 ƙasashe huɗu, Benin da Burkina Faso da Mali da Cadi, suka haɗa kai suka kai kukansu Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a taron Cancún na Meziko, suka ce a soke tallafin a kuma biya su diyya kafin a gama sokewa. Taron ya watse ba matsaya. A Hong Kong a 2005 aka yi alkawarin za a gaggauta maganar auduga, a Nairobi a 2015 aka amince a daina tallafin fitar da kaya waje, amma babban, wato wanda ake ba manomi a cikin gida, yana nan har yau.

Wadda ta ci riba ita ce Burazil. Ita shari'a ta shigar da Amurka a Ƙungiyar Ciniki ta Duniya tun 2002, ta yi nasara a 2004, daga baya aka ba ta izinin rama wa Amurka da haraji. Da Amurka ta ga haka sai ta yarda a 2010 ta riƙa biyan ɓangaren audugar Burazil dala miliyan 147 duk shekara, a 2014 ta ba da miliyan 300 aka rufe magana. Cadi da Benin sun shiga shari'ar a matsayin masu ruwa da tsaki, amma wannan kuɗin ba su aka ba ba. Abin nan yana ci mini rai sosai, don an tabbatar da laifin a gaban alƙalai amma mai ƙarfin ramawa kaɗai aka sallama.

In an cire tallafin gobe manomi zai yi arziki?

A'a, kada mu yaudari kanmu. Farashi zai ɗan ɗaga, kuma ɗan ɗagawar nan ba ƙaramin abu ba ne ga mai kadada ɗaya. Amma akwai namu matsalolin, ƙasa ta gaji, ruwan sama ba tabbas, ƙwari, tsadar taki, ga nisan hanya daga nan zuwa Duwala. Ga sefa ɗaure da yuro a kan sefa 655.957 duk yuro ɗaya alhali da dala ake sayarwa, in dala ta yi rauni mun yi asara ko da farashi bai motsa ba. Ga zaren roba da ya cinye fiye da rabin kasuwar tufafi.

Me ya sa ba za a bar audugar a koma masara da gyaɗa ba?

Wasu sun bari, musamman shekarun da farashi ya yi muni. Amma a yawancin ƙauyukanmu ta hanyar auduga kaɗai talaka ke samun taki bashi, har masararsa ma da shi take rayuwa, kuma ita ce ke da mai saye tabbatacce. Anguryar ma ba a zubarwa, ita ake matsewa a samu man Diamaor da muke miya da shi, tunkuzar kuma shanu su ci da rani lokacin da ciyawa ta ƙare. In auduga ta faɗi, makiyayi da direban kamiyo da mai tuyar ƙosai a bakin kamfani duk sai sun ji a jikinsu.