Faifan fashewa a tankunan matsi

Faifan fashewa siririn ƙarfe ne, wani lokaci girafayit, da ake ɗaurewa a bakin bututun tanki ko tukunyar da ke riƙe iskar gas, tururi ko ruwa cikin matsi. An ƙera shi don ya tsage da zarar matsin ya kai adadin da aka ƙayyade masa, abin da ke ciki ya samu mafita kafin jikin tankin ya gaza. Matsayinsa irin na fiyus ne a wayar lantarki: shi aka raunana da gangan domin ya mutu a madadin kayan da suka fi shi tsada da haɗari. Idan ya tsage ba ya komawa ya rufe, sai an tsayar da aiki an sa sabo. Nan ne ya sha bamban da bawul mai sifirin, wanda ke buɗewa ya rage matsi sannan ya koma mazauninsa.

Ana zaɓensa saboda abubuwan da bawul ba ya iyawa. Yana buɗewa gaba ɗaya cikin 'yan dubu-dubun kason daƙiƙa, ba shi da wani sashe mai motsi da zai cije, kuma ba ya yoyo muddin yana da lafiya. Ya dace da abu mai cin ƙarfe, mai danƙo, mai guba ko mai tsada, da wuraren da matsi ke iya tashi farat ɗaya.

Inda ake samunsa

Wanda ya fi kusa da hannun jama'a a Kebbi da Zamfara yana cikin kan jar tukunyar kashe gobara mai iskar kabon dayoksaid. Iskar tana zaune a matsin kusan ba 57 (ba, wato bar, ma'aunin matsi ne; ba 1 kusan matsin iskar da ke kewaye da mu ne) idan zafi yana digiri 20. Da zafi ya haura digiri 31, ba ta ƙara zama ruwa a ƙasa gas a sama, matsinta kuma sai ya riƙa hawa da sauri. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin Birnin Kebbi da Gusau yakan wuce digiri 40 a inuwa, balle cikin but ɗin motar da aka ajiye a rana. Tukunyar da aka cika fiye da kima takan saki iskarta ta wannan ɗan faifai, mai ita ya tarar ba nauyi.

A masana'antu kuwa, ana ganinsa a tankunan sinadarai, na'urorin musayar zafi, manyan injinan sanyaya wuri, da ƙarƙashin bawul-bawul na tankunan amoniya. Masana'antun gyaran shinkafa irin na Argungu da Birnin Kebbi suna turara shanshera da tururi, amma ita kanta boilar da ake hura wa wuta bawul mai sifirin ne ke tsaronta, ba faifai ba. Faifan yana iya zuwa ne a wasu tankunan da ke gaba. Akwai kuma ɗan'uwansa mai faɗi, allon fashewa, da ake sakawa a rumbunan ƙarfe da matatun ƙura. Ƙurar ƙaiƙayi da dusa tana iya kamawa ta fashe idan ta gauraya da iska, don haka allon yakan buɗe a matsi ƙanƙani, galibi wajen ba 0.1. Tukunyar gas ɗin girki ba ta cikin wannan lissafi.

Ire-irensa

Mafi tsufa shi ne mai doro a waje. Matsin tanki yana tura shi ta cikin ƙundunsa, ƙarfen yana miƙewa har ya tsinke. Matsin da zai fasa shi yana ƙaruwa da kaurin ƙarfen da ƙarfinsa, yana raguwa idan faɗin faifan ya ƙaru. Aibinsa shi ne kullum a miƙe yake, don haka yana gajiya. Ba a barin matsin aiki ya wuce kusan kashi 70 cikin 100 na matsin fashewarsa, kuma idan ya fashe yana watsa gutsattsari. Idan tankin yana iya faɗawa cikin zuƙowa, wato matsin ciki ya yi ƙasa da na waje, sai an sa masa matokari a ƙarƙashi, in ba haka ba doron zai lotsa.

Daga baya aka fito da mai tsaga, inda ake zana layuka a jikin ƙarfen, ko dai a gicciye ko a kewaye. Yana tsagewa ta kan layukan, ya buɗe ba tare da ɓaraguzai ba, kuma yana jure aiki har kashi 85 zuwa 90. Akwai kuma mai hawa-hawa: ƙarfe mai huji-huji a sama, shimfiɗar teflon ko siririn ƙarfe a ƙasa don hana yoyo. Wannan yakan tsaya wajen kashi 80.

Mai juyawa shi ne wanda doronsa ke fuskantar tankin. Matsi yana danne doron, idan ya kai iyaka sai doron ya kife ta ɗaya gefen da ƙarfi, ya yage ta kan tsagarsa ko a kan haƙoran da ke jikin mariƙinsa, wato zoben ƙarfen da ke riƙe shi a bututu. Tsofaffin samfura wuƙaƙe ake sa musu, kuma wuƙa idan ta dakushe ko ta yi tsatsa faifan yana iya kifewa ya kwanta a kanta bai yanke ba. Abin da ke ƙayyade matsinsa shi ne siffar doron da taurin ƙarfen, shi ya sa ya fi kauri, ya fi jure hawa da saukar matsi, kuma ana iya aiki da shi har kashi 90, wasu ma 95. Sai dai lotsawa 'yar ƙarama a doron tana canza lissafinsa. Yawancinsu kuma suna buƙatar iskar gas a bayansu don su kife sarai. A bututun da ke cike maƙil da ruwa, sai wanda aka ƙera musamman don ruwa.

Na girafayit a shimfiɗe yake, ba doro. Yana jure asid iri-iri, ya dace da ƙaramin matsi, amma yana farfashewa ne gutsu-gutsu.

Lambar da ke kan alamarsa

Kowane faifai yana zuwa da 'yar alamar ƙarfe a manne, mai ɗauke da girmansa, irin ƙarfensa, lambar rukunin da aka ƙera shi a ciki, matsin fashewa, zafin da aka auna matsin a kansa, da kibiyar da ke nuna inda abu zai bi. Tunda ba a iya gwada faifai a bar shi da rai, maƙera suna fasa samfura daga kowane rukuni, aƙalla biyu a ƙa'idar ASME, ƙungiyar injiniyoyi ta Amurka, su buga sakamakon a kan sauran.

Ƙa'idar ta ba da rangwame: faifan da matsinsa ya haura psi 40 a ma'aunin Amurka, wato kusan ba 2.8, yana iya fashewa da bambancin kashi 5 sama ko ƙasa. Na ƙasa da haka an ba shi psi 2. Wajibi ne lambar kada ta wuce iyakar matsin da aka amince wa tankin, kuma a lokacin da yake fitar da kaya matsin tankin kada ya haura iyakar da fiye da kashi 10. An ɗaga wannan zuwa 16 idan na'urorin kariya sun fi ɗaya, da 21 idan gobara ce ta kewaye tankin. Waɗannan sharuɗɗa suna sashe na 8 na kundin ASME, kuma a bugun 2021 an tattara dokokin na'urorin kariya a sashe na 13. A tsarin ƙasa da ƙasa, ISO 4126-2 ne ke magana a kan faifan, ISO 4126-6 a kan zaɓe da ɗaurawa. A Najeriya, duba tukwanen tururi da tankunan iska na ƙarƙashin Dokar Masana'antu ne, a hannun sufetocin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya.

Abin da ya fi rikita masu saye shi ne tazarar ƙira. Maƙeri yana iya cewa zai ba da faifai a tazarar kashi 10 ƙasa da abin da aka nema. A ɗauki tanki mai iyakar ba 10. An yi odar faifai na ba 10, sai ya iso da lamba ko'ina tsakanin 9 da 10, kuma maƙerin bai saɓa alkawari ba. Idan 9 ya zo, kuma mai doro a waje ne, kashi 70 na 9 shi ne ba 6.3. Masana'antar da ke aiki a ba 8 za ta yi ta asarar faifai duk 'yan makonni, a yi ta zargin kaya marasa kyau, alhali zaɓen ne ya karkace tun a takarda. Mai juyawa da aka yi odarsa ba tare da tazara ba zai zo da 10 daidai, ya yarda a yi aiki har ba 9. Ya fi tsada wajen saye, amma a irin wannan wuri shi ne mai arha.

Zafi ma yana cikin lambar. Ƙarfe yana laushi idan ya ɗumama, don haka faifan da aka auna a zafin ɗaki zai fashe da wuri a kan tururi. Kishiyar haka ta fi haɗari: wanda aka auna a digiri 200 amma yake zaune a ƙarshen dogon bututu inda zafi bai wuce 60 ba, zai jinkirta har matsi ya wuce inda aka tsara. Zafin da za a faɗa wa maƙeri shi ne na wurin da faifan yake a lokacin da ake sa ran zai fashe. Alminiyam yana saurin rasa ƙarfi da zafi, Inconel ya fi riƙewa; ana kuma amfani da ƙarfe mara tsatsa samfurin 316, nikel, Monel, Hastelloy da tantalam gwargwadon abin da ke cikin tankin.

Girman kafa

Ana fara ne da tambayar me zai iya ta da matsin: an rufe mafita famfo yana ci gaba da turawa, ruwan sanyaya ya yanke, bututun cikin na'urar musayar zafi ya fashe, gobara, ko haɗuwar sinadarai ta ƙwace ta fi ƙarfin sarrafawa. Wanda ya fi kawo kaya da yawa a daƙiƙa shi ake auna faifan da shi.

Hanyar lissafi biyu ce. Ta farko tana ɗaukar faifan a matsayin kafa mai ingancin fitarwa 0.62, wato mai fitar da kashi 62 cikin 100 na abin da lissafi ya nuna. Ba ta halatta sai idan yana huce wa sararin sama kai tsaye, nisansa daga bakin tanki bai wuce faɗin bututu sau 8 ba, bututun fita bai wuce sau 5 ba, kuma bututun biyu ba su gaza faifan faɗi ba. Ga faifan milimita 50, wannan na nufin milimita 400 a gaba, 250 a baya. Da aka wuce haka sai hanya ta biyu, inda ake lissafa faifan kamar gwiwa ko wani abin da ke rage gudu a bututu, da lambar turjiyar da maƙeri ya tabbatar, a haɗa da ta dukkan layin, sannan a ɗauki kashi 90 na sakamakon. Lambar ta gas daban, ta ruwa daban.

Haɗa shi da bawul

Sau da yawa ana sa faifai a ƙarƙashin bawul don ya kare bawul ɗin daga abu mai ci, ya kuma hana yoyo. Faifan dole ya zama marar ɓaraguzai, kuma ana rage ƙarfin fitarwar bawul ɗin zuwa kashi 90 sai idan an gwada su tare an samu wata lamba.

Haɗarin yana cikin ɗan fili da ke tsakaninsu. Faifai bambancin matsin gefensa biyu yake ji. Idan tsatsa ta huda shi da ƙaramin huji, gas ya taru a filin har ba 4, faifan ba 10 ba zai fashe ba sai tankin ya kai 14. Wannan ya haura matsin gwajin ruwa na tankin, wanda yake ninki 1.3 na iyakarsa, wato ba 13. Shi ya sa ƙa'ida ta wajabta geji, ko 'yar kafar shaƙa, ko na'urar ƙararrawa a wurin. Gejin da ba mai dubawa bai cika wannan sharaɗi ba.

Ɗaurawa da abin da ke lalacewa

Ana riƙe faifai ta gefensa ko ta alamarsa, ba a taɓa doron. A share mazaunin mariƙi, a duba ba tsaga ko datti, a daidaita kibiyar faifai da ta mariƙi da hanyar fita. Faifan da aka kifa yana iya buƙatar matsi mai yawa fiye da lambarsa kafin ya buɗe. Ba a sa gasket tsakanin faifai da mariƙi sai maƙeri ya ce a sa. Ana ɗaure notuna da sifana mai awon ƙarfi, a gicciye, a matakai uku ko huɗu har a kai adadin da aka rubuta. Ɗauri sako-sako yana barin faifai ya zame ko ya yi yoyo, ɗaurin ƙarfi-da-yaji kuma yana murƙushe gefensa. Wanda aka kwance daga mariƙinsa ba a mayar da shi, ko da ido bai ga komai ba. Faifan wani kamfani kuma ba ya shiga mariƙin wani.

Bututun fita yana buƙatar matokari mai ƙarfi, domin fashewa tana tunkuɗa shi baya. A yankin Kebbi da Zamfara ƙurar hunturu tana taruwa a cikinsa, ruwan damina yana kwanciya a kan faifai ya kawo tsatsa, zanzaro yana gina ɗakinsa na laka a baki. Murfi mara nauyi wanda iska za ta iya turewa, da 'yar kafar tsiyayar ruwa a ƙasa, suna magance yawancin wannan. Inda bakin bututun ya nufa ma abin lura ne. A Bofal ta Indiya, daren 2 ga Disamba 1984, faifai da bawul na tankin sinadarin sun buɗe, amma na'urar wanke gas da hasumiyar ƙona shi ba su cikin halin tare abin da ya fito, gubar ta sauka a kan unguwanni, dubban mutane suka rasu.

Mafi munin al'ada ita ce ta cike gurbi. Faifai ya fashe, sabo sai an yi oda daga Legas ko ƙasar waje, aiki ya tsaya, sai a yanko falle daga kwano ko gwangwani a ɗaura, ko a haɗa faifai biyu wuri guda, ko a toshe bakin da farantin ƙarfe. Babu wanda ya san matsin da irin wannan zai buɗe a kai, kuma sau da yawa jikin tankin ne zai riga shi. Tunda kowane rukuni ƙira ce ta musamman mai ɗaukar lokaci, ana yin odar na ajiya tare da na farko, a bar su cikin kwalinsu a busasshen wuri ba a ɗora musu komai ba. Duk wanda ya fashe a ajiye shi a duba: buɗewa sarai ta kan tsaga tana nuna matsi ne ya hau da gaske, ƙananan huji suna nuna tsatsa, siririyar tsaga a gefe kuma gajiya ce ko kuskuren ɗauri. Da wannan, da tarihin gejin tankin, ake tsayar da wa'adin canza faifai a kowace masana'anta.