Baƙin mai a man girki: me doka ta hana, wa take kamawa?

Saƙo na ta yawo a wayoyin mutanen Sakkwato cewa wai gwamnati ta haramta man gyaɗan da ake aunawa a kwalba, wai duk cike yake da man inji. Wasu mata har sun fara ƙaurace wa man ƙuli. Dokar hana gurɓataccen abinci ba ta ce haka ba. Abin da ta hana shi ne gurɓataccen abinci, kuma man gyaɗan da aka matsa cikin tsabta ba ya cikinsa.

Dokar da ake magana a kai ita ce ta 1999 kan jabun magunguna da sarrafaffen abinci mai cutarwa, wadda NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ke aiwatarwa. Ta shafi mai sarrafawa, mai shigowa da kaya, dillali, mai sayarwa, da wanda ya taimaka musu. Hukuncinta tarar da ba ta wuce Naira 500,000 ba, ko ɗaurin shekara 5 zuwa 15, ko duka biyun.

Inda ya kamata 'yan kasuwa su buɗe kunne shi ne: sashe na farko na dokar bai tsaya kan wanda ya zuba man injin da hannunsa ba. Ya haɗa da wanda ya baje kayan don sayarwa, har da wanda aka samu da su a hannunsa. Ke nan mai tebur a Tsohuwar Kasuwa da ya sari jarka daga wanda bai sani ba zai iya tsintar kansa a kotu, kuma "wallahi haka na saye shi" magana ce da sai a gaban alƙali za a auna ta. Don haka a riƙa karɓar rasit, a san sunan wanda aka sara a wurinsa.

A nan ne dokar ke ci mini rai. Naira dubu ɗari biyar a yau ba ta kai ribar mota ɗaya ta mai ba ga babban dila, amma shekara biyar a gidan yari rushewar gida ce ga mai auna mai da ludayi.

Kuma sau da yawa ba mugunta ke kawo gurɓatar ba, sakaci ne. Duro ko jarkar da aka taɓa zuba gas ko man juye, a ɗauraye sama-sama a zuba man ci. Injin markaɗe mai yoyon giris. Gyaɗar da aka shanya a kan kwalta. Cikin mutum ba ya narkar da man da aka samo daga fetur. Wani kaso na taruwa a hanta, wani nau'in kuma masana na fargabar yana jawo ciwon daji. A Maroko a 1959, man girkin da aka gauraya da man injin jirgin sama ya shanye wa kusan mutum 10,000 gaɓoɓi. A 2008 ma Turai ta janye man sunflower da ya fito daga Yukren saboda irin wannan gurɓata.

To yaya ake ganewa? Ba da sa kwalba a firij ba, ba da ɗiga mai a takarda ba, kamar yadda masu bidiyo ke koyarwa. Manja mai kyau ma yana daskarewa da sanyi. Wari na iya tona asirin gas ko kananzir, amma tataccen man inji ba shi da launi balle wari.

Gwajin farko a ɗakin bincike ana kiransa gwajin Holde. Duk wadda ta taɓa haɗa sabulun salo ta san asalinsa: mai na tsiro idan ya haɗu da ruwan toka sabulu yake zama. Man da aka samo daga fetur, irin man inji, kuwa ba ya zama. Sai a dafa samfurin da sinadarin potash cikin alkohol, a ƙara ruwa. Idan ya yi dishi-dishi, akwai baƙo a ciki. Wannan yana kama gauraye ne mai ɗan yawa, kamar kashi 1 cikin 100. Ƙasa da haka sai na'urar da ke rarrabe sinadarai ɗaya bayan ɗaya, wadda ke gano miligiram kaɗan a kilo guda.

Wanda ya yi zargin wani mai, ya ajiye ragowar cikin kwalbarsa ya kai ofishin NAFDAC na jiha. Sakamakon gwaji ne hujja a kotu, kuma ambaton shagon wani a WhatsApp babu wannan hujjar na iya mayar da mai ƙorafin wanda ake ƙara.